Wannan Mota Koriya Ce

Duk wanda ya ce muku ni na jefa Kamron cikin abin kunyar nan, ku ce ya zo shagona ya maimaita a gabana lokacin da aska take hannuna. Ni abin da ke rubuce a takarda na karanta. In ma akwai laifina, bai wuce shirun minti shida da na yi ba, shi ma za ku ji dalili.

Sunana Sanit. Litinin zuwa Asabar aski nake yi a bakin kasuwar garinmu, nan cikin lardin Kalasin. Ranar Lahadi kuwa ni ke riƙe da lasifika a tsohon filin jirgin sama da ke bayan gonakin rake, inda masu a-kori-kura suke tsere biyu-biyu, mita ɗari huɗu da biyu, miƙe sak. Ba mu da allon nuna lokaci. Wata na'ura ce take tofo 'yar takarda a teburina, ni kuma in karanta wa jama'a. Lambar mota ba na wahalar da kaina da ita, don hayaƙin gas ba ya bari a ga komai. Da launi nake kira: jar mota kaza, baƙar mota kaza. Shekara tara ban taɓa samun matsala ba, sai da Kamron ya tsoma ƙafarsa a harkar.

Ajinmu ɗaya da shi a firamare, kuma tun lokacin bakinsa ya fi jikinsa girma. Ya yi kiwon kwaɗi, kwaɗin suka gudu. Ya buɗe wurin wankin mota a shekarar da aka yi fari. Yanzu ga shi ya haura arba'in, abin da ya mallaka a duniya rabin mota ne: farar a-kori-kurar da mahaifinsu ya bar musu shi da yayarsa Lamduan, mai sayar da kankana. Ita ke jan motar kasuwa uku a mako, shi kuma ya ja ta da yamma ya je ya nuna wa mutane.

Ranar da abin ya fara yana kan kujerata, na shafe masa haɓa da kumfa, shago cike.

"Motar nan ana zaluntarta," in ji shi. "Jinin tsere ne a jikinta, an mayar da ita jakin kankana. A ba ni ita wata ɗaya tak, in ban sauko da ita ƙasa da sakan goma sha biyu ba, ku canza mini suna."

"Rufe bakinka kafin in yanke ka," na ce.

"Ni da nake jin maganar inji kamar yadda kake jin maganar matarka? Ai Uan bakanike in ya kakare, ni yake wa waya."

Ashe Lamduan tana bakin ƙofa, ta zo karɓar makulli. Shekara biyu ke nan yana damunta da wannan waƙar, ranar dai ta cika ta batse.

"Sanit, ka zama shaida," ta ce. "Kankanata sai nan da Lahadi huɗu za ta nuna. Na ba shi motar. In ya yi ƙasa da sha biyu ko sau ɗaya ne, makulli ya zama nasa har abada, ni in nemi babur mai akwaku. In bai yi ba, makulli nawa ne har abada, kuma shi ne ɗan dakona har kankana ta ƙare."

"Yaya, ki fara tambayar kuɗin babur," in ji Kamron, kumfa tana tsalle daga bakinsa.

Lahadi ta farko ya shiga da motar yadda take, har da ƙanshin kankana. Na'ura ta tofo takarda, na karanta: farar mota, sha shida da ɗigo biyu. Ya fito yana karkaɗa makulli a yatsa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗumama inji kawai ya yi.

Washegari ya kai ta garejin Uan. Uan mutum ne mai ƙiba da haƙuri, ya fi shekara ashirin yana haɗa motocin tsere. Ya zagaya motar sau ɗaya ya ce, "Bayanta ba nauyi, taya za ta riƙa zamewa. Ka rage iskar tayoyin baya, ka ɗaura buhun yashi biyu a kansu, sannan ka koyi sakin kuloci a hankali. Wannan kaɗai zai cire maka sakan ɗaya."

"Yashi?" Kamron ya dafe ƙirji. "In ƙara mata kaya? Haba Uan, ashe tsufa ya fara taɓa ka. Ka taɓa ganin mai tsere ya goya buhu? Nauyi shi ne abokin gabar gudu. Miƙo mini sifana."

Kwana uku yana tuɓe motar. Ya cire safaya da jak. Ya cire kujerar fasinja, da rediyo, da madubai duka uku, wai mai tsere ba ya waiwaye. Ya cire bamba gaba da baya. Ƙyauren bodi kuwa, wanda ke tare kankana kada ta zube, bai tsaya a cirewa ba: ya kai wa mai walda aka yanka shi gida biyu, aka rubuta ARADUN KALASIN, ƘUNGIYAR TSERE, ya rataya a ƙofar gidansa. 'Yan ƙungiyar shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne sauran jama'a. Duk abin da ya cire sai ya ɗora a sikelin kankanar Lamduan, ya yi shelar nauyinsa ga masu wucewa.

Da ya zo kan kyallen rufin ciki, Uan ya ajiye sifana.

"Wannan kam ba da hannuna ba."

Ranar da mahaifinsu ya sayo motar, kafin ya kai ta gida haikali ya fara kai ta. Tsohon malamin haikalin ya tsoma yatsa a farar ƙasa ya ɗiɗɗiga alamar albarka a rufin, daidai saman kan direba. Malamin ya rasu, mahaifin ya rasu, ɗigon suna nan. Kamron ya kama gefen kyallen ya fizge, kyaaat, ya ɗora a sikeli.

"Kilo ɗaya da rabi! Kilo ɗaya da rabi Baba yake yawo da shi a kansa shekara goma sha takwas!"

Ya cilla shi bayan gareji. Da yamma Lamduan ta leƙa cikin motar, ta ɗaga kai ta ga ƙarfe tsirara. Na zaci za a ji su har kasuwa, don matar nan in ta fara faɗa karnuka ma barin layin suke yi. Sai kawai ta juya ta tafi. Ni dai a ranar na ji tsoro a madadinsa.

Lahadi ta biyu, fitila ta yi kore, Kamron ya taka totur har ƙasa ya saki kuloci gaba ɗaya. Tayoyin baya suka hau ihu a wuri ɗaya, ƙugun motar ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu. Mai gasa kaji da ke gefen fili ta kwashi tirenta ta ruga cikin rake. Kafin tayoyin su kama ƙasa, abokin karawarsa ya kai rabin hanya.

"Farar mota, sha bakwai da ɗigo takwas," na ce.

"Kamron, baya kake tafiya!" wani ya yi ihu daga cikin jama'a.

"Ƙarfi ne ya yi mata yawa!" ya mayar masa. "Ka taɓa ganin taya ta yi kuka haka a motar ubanka?"

"Yashi," in ji Uan a hankali.

"Mai," in ji Kamron. "Yunwa take ji."

Uan ya nuna masa wani ɗan noti a jikin injekta, ya ce in dai dole ne, a juya shi kwata, kwata ɗaya tak. Kamron ya yi lissafi: in kwata yana cire sakan ɗaya, zagaye uku zai cire goma sha biyu, ya ga ma sai ya yi hattara kada ya isa kafin ya tashi. Ya koma gida ya juya zagaye uku da wuƙar yanka kankana. Sannan ya yanke salansa, don ita ma ƙarfe ce mai nauyi, ya lanƙwasa guntun sama, ya fito da shi ta bodi daidai bayan gilashin direba.

Ranar Alhamis ya fito gwaji ta tsakiyar gari. Kai, jama'a! Ni ina cikin shago na ga rana ta ɓace. Matar hedimasta ta shanya fararen riguna bakwai, ta kwashe baƙaƙe bakwai. Mai taliyar bakin kasuwa ta bi shi da ludayi har kwana. Mai unguwarmu kuwa, da yake idonsa ya yi rauni, ya aika a yi wa hukumar lafiya godiya, wai bana sun zo feshin sauro da wuri.

Lahadi ta uku motar ta tashi tana tari kamar tsohon mashayin taba, mai ya shaƙe ta. Sha takwas da ɗigo biyar. Lamduan tana zaune a kan tabarma tana cin dakakkiyar gwanda da shinkafa mai danƙo, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Saura ɗaya," ta ce. "Ka fara motsa kafaɗunka, bana manya ne."

A nan ne Kamron ya gano bakin zaren. Ba inji ba ne, ba taya ba ce, ba kuma shi ba ne, don wannan ko a mafarki. Ƙaddara ce ta sa masa ido. Sai ya nufi wurin Goggo Buapan.

Goggo Buapan ita ke kula da Uwar Tsamiya, babbar bishiyar nan da ke kusa da rumfar 'yan kallo, wadda aka naɗe da kyallaye kala-kala. Duk direban da ke neman wani abu a filin nan, nan yake zuwa ya durƙusa ya yi alwashi, in buƙata ta biya ya dawo ya cika. A gindin bishiyar Goggo take sayar da furanni, da turare, da dafaffen ƙwai, tana kuma duba wa mutane ranar haihuwa.

"Wace rana aka haife ka?"

"Laraba, Goggo."

"Motar wane launi?"

"Fara."

Goggo ta tafa hannu. "Ɗan Laraba a farar mota! Ai ka gode da tayoyin ma suna juyawa. Launinka kore ne, ɗana."

"To in yi mata fenti? Fenti fa kilo huɗu ne."

"Wa ke fenti yanzu?" Ta jawo wata leda ta zaro sitika, irin wadda kuke gani a bayan motoci rututu, an rubuta WANNAN MOTA KORIYA CE. "Kuɗinta bat arba'in. Ka manna a baya. Ƙaddara in ta biyo ka, ta karanta, ta ga ba wadda take nema ba ce, ta wuce."

Ya sayi uku, na baya da na kowane gefe, kada ƙaddara ta ɓullo ta kwana. Sannan ya durƙusa gaban Uwar Tsamiya, ya ɗaga murya yadda har masu sharar fili sai da suka ji: in koriyar mota ta yi ƙasa da sha biyu ranar Lahadi, zai kawo ƙwai casa'in da tara, kuma zai yi mata rawa. Kowa in ya yi alwashin rawa, 'yan rawa yake ɗaukowa daga gari ya biya su. Kamron ya ce shi da kansa zai yi, cikin zani da kwalliya, nan take, kafin inji ya huce.

Daga ranar aka shiga uku a gari. Duk wanda ya ce "farar motarka", sai Kamron ya toshe masa baki yana waige-waige. Ranar Asabar ya zo shagona ya ce in yi masa tal-kwabo, gashi ma nauyi ne. Ya kuma ba ni labarin ya cire gilashin baya, kilo shida.

"Wanda ke tsakaninka da salansa?" na ce.

"Iska za ta kwashe. Kai dai ji nan, Sanit." Ya kama hannuna da aska a ciki. "Gobe kada ka kuskura ka ce fara a lasifikar nan. In ka faɗa, ƙaddara za ta ji, har ta can garin Roi Et sai ta ji, don muryarka ba daɗi amma tana da nisa. Koriya za ka ce."

"Ni da idona ina ganin abu fari fat in ce kore?"

"Shekara talatin da biyar muna tare. Wa ya ba ka amsa a jarrabawar lissafi?"

"Kai ne, kuma tare muka faɗi."

"To ka yi mini wannan. Rantse."

Ya ƙi sakin hannuna, mutum uku suna jiran layi. Na rantse kalmar fara ba za ta fito daga bakina ba. Lamduan ma sai da aka ba ta labari.

Lahadi ta huɗu fili ya cika maƙil, don labarin rawa ya zaga har ƙauyuka. Kamron ya iso da sassafe da kansa yana walƙiya, ya damƙa wa Goggo Buapan tiren ƙwai da ƙullin kaya: zanin siliki na yayarsa da ya ɗauko ba ta sani ba, da hoda, da jan-baki, da dogayen faratan tagulla irin na 'yan rawa. Ya bi rumfa-rumfa yana gaya wa mutane inda za su tsaya su fi gani.

Aka jefa ƙuri'ar haɗa abokan karawa. Da na buɗe takardar sai da na cire tabarau na goge. An haɗa shi da Kawu Tawin.

Kawu Tawin manomin rogo ne daga hayin rafi, ya doshi sittin, in ya yi kalma goma a yini to an yi hira. Shekara shida yana haɗa motarsa a ƙarƙashin rumbu, a hankali, noti ɗaya bayan ɗaya, burinsa ya sauka ƙasa da sha ɗaya. Motar kuwa koriya ce shar kamar ganyen ayaba, tun daga kamfani.

Suka jera a layi. Kamron ya leƙo ta taga. "Kawu, ka rufe gilashinka, kada ƙurata ta dame ka!" Kawu Tawin ya gyaɗa kai.

Fitila ta yi kore. Motar Kawu ta durƙusa ta baya ta harba, fiuu, kafin ka haɗiye yawu ta zama ɗigo. Ta Kamron ta yi wata irin gyatsa, ta saki hayaƙi, hayaƙin ya tashi daga guntun salansa ya faɗa kai tsaye ta inda gilashi yake a da. Mu daga rumfa ba mu ga mota ba. Wani baƙin dunƙule muka gani yana gangarawa a kan titi, yana tari, hannu ɗaya ya fito ta gefe yana fifita.

Abin da ya faru a ciki, shi ya ba ni labari daga baya. Bai ga hagu ba, bai ga dama ba, sitiyari kawai ya riƙe yana addu'a. Da ya keta layi ya ɗaga ƙafa, hayaƙi ya yaye, ya duba gabansa: wayam, ba kowa. Kawu Tawin ya daɗe da shan kwana ya bi hanyar dawowa ta bayan rake. Madubin da zai duba baya kuwa yana gida a cikin kwali. Sai ya ji muryata ta cika fili, don takardar farko ta fito:

"Koriyar mota, sakan goma da ɗigo tara!"

Jama'a suka ɗauki tafi saboda Kawu. Takarda ta biyu ta fito. Na kai lasifika baki, na ce "Fa..." sai rantsuwa ta shaƙe ni. In ce fara, na karya. In ce koriya, wace? Ina cikin wannan sai na hango dunƙulen hayaƙi ya bar hanya, ya yanko ta cikin ciyawa, ya nufo tsamiya yana hon.

Na miƙe zan yi magana, sai wani hannu ya sauka a kan takardar. Lamduan ce.

"Ina za ka, Sanit?"

"Yaya Lamduan, ya ɗauka shi ne!"

"Ka rantse ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse, amma..."

"To babba da kai ba ya karya rantsuwa. Zauna. Wancan zanina ne nake hangowa a wurin Goggo?"

Na zauna. Wannan shi ne minti shidan da ake zargina da shi.

Kamron ya diro daga mota baƙi ƙirin, haƙora da idanu kawai ake gani. "Na gaya muku! Ina Uan? Ina yashi? Goma da ɗigo tara! Goggo, kayana!" Ya tuɓe riga, ya ɗaura zani a ƙirji, ya yaɓa hoda a kan baƙin hayaƙi har fuskar ta koma ruwan toka, ya zizara jan-baki, ya zura farata. Mutane suka yi cirko-cirko. Wani ya buɗe baki zai gaya masa, na kusa da shi ya taka masa ƙafa. Ban taɓa ganin mutum ɗari biyar sun haɗa baki ba tare da shawara ba sai ranar.

Ya durƙusa gaban bishiya ya kwaɗa kira: "Uwa! Ga ƙwai, ga rawa, ta koriyar mota ce da ta yi goma da ɗigo tara! Ki karɓa!" Ya juyo wajena. "Sanit! Kiɗa!"

Na sa kiɗa. Me zan yi?

Gaskiya ɗaya zan faɗa, mutumin nan ya iya rawa. Da ita ya kama tun farko da yanzu ya yi gida. Ya lanƙwasa yatsu, ya karya wuya, ya tafi da gefe-da-gefe yana murguɗa ƙugu fiye da yadda motarsa ta yi a Lahadi ta biyu. Mata suna guɗa, wayoyi sun tashi sama, mai gasa kaji ta zauna a ƙasa tana share hawaye. In ya zagayo ta gaban yayarsa sai ya kashe mata ido ya ce, "Babur, Yaya! Babur mai akwaku!"

Ana cikin haka Kawu Tawin ya iso a hankali, ya ajiye motarsa daidai gefen ta Kamron, ya kashe. Ya fito ya tsaya, hula a hannu, har kiɗa ya ƙare. Sannan ya matso, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya sunkuya wa Kamron.

"Na gode, ƙanena."

"Ba komai, Kawu," in ji Kamron yana haki. "Wata rana kai ma za ka yi. Ka zo in duba maka injin."

"Na yi wa Uwa alwashin rawa in na sauka ƙasa da sha ɗaya. Da gobe zan je gari ɗauko 'yan rawa." Kawu ya juya wajen Goggo Buapan. "Ta karɓu?"

Goggo ta ɗan yi tunani. "Ya ambaci koriyar mota. Ya ambaci goma da ɗigo tara. Da bakinsa, kowa ya ji. Ta karɓu, har da ƙwai."

Kamron ya dubi Kawu. Ya dubi motar Kawu. Ya dubi tasa, fara ƙal in ban da inda hayaƙi ya taɓa, da sitika uku. Ya sake duban ta Kawu.

"Sanit," ya ce, muryar ta zama 'yar siririya. "Wace koriyar?"

Lamduan ta ɗage hannunta daga takardar. Na gyara murya, kuma ku shaida ban karya rantsuwa ba.

"Ɗaya koriyar, wadda sai an karanta ake ganewa: sha tara da ɗigo huɗu."

Dariyar da aka yi, tsuntsaye sai da suka tashi daga kan tsamiya. Uan ya kwanta a kan bonet yana dukansa.

"Na'urar ce!" Kamron ya yi ihu. "Na'urar ba ta iya karatu ba! A sake! Goggo, ki gaya musu, ai kin ce ƙaddara za ta wuce!"

"Ta wuce mana," in ji Goggo. "Ba ka ga ko ƙwarzane ba ka yi ba, kana tuƙi ido rufe? Ni ban ce sitika tana ƙara gudu ba."

Lamduan ta ratso jama'a ta tsaya gabansa, ta miƙa tafin hannu. Ba ta yi dariya ba. Kamron ya lalubi makulli, faratan suka hana shi kamawa, ya faɗi ƙasa, sai da ya durƙusa cikin zani ya tsinto. Ya sa mata a hannu. Na san shi shekara talatin da biyar, ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba, kuma na rantse sai da ya ba ni tausayi.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "kyallen rufin nan na Baba... na koma bayan gareji ran Talata, ban gan shi ba."

"Yana ƙarƙashin gadona tun ranar da ka cilla shi," ta ce. "Kai za ka mayar da shi, da hannunka. Kuma ka wanke mini zani."

Kwana biyu ya yi yana manna kyallen, shi kaɗai, bai kira kowa ya gani ba. Uan ya ce ko shi ba zai yi aikin da ya fi wannan kyau ba. Sauran kayan ma duk an mayar, kujera, madubai, gilashi, salansa, aka juya noti zagaye uku baya. Abu ɗaya ne ya gagara: ƙyauren bodi, wanda aka yanka gida biyu.

Ranar kasuwar farko ina buɗe shago sai ga motar ta taho, kankana har sama. Lamduan tana tuƙi. Kamron yana zaune a can ƙarshen bodi, ya juya wa titi baya, ya ware hannu da ƙafa ya tare kaya. A bayan rigarsa an manna sabuwar sitika, Goggo Buapan ce ta buga ta musamman, bat arba'in: WANNAN ƘYAUREN MOTA NE.

"Kamron!" na kira. "Yaya aiki?"

Ya waiwayo da ƙyar, kankana ɗaya a ƙarƙashin haɓarsa.

"Ka ga yadda take kama ƙasa yanzu?" ya yi ihu. "Nauyi a baya, Sanit! Tun farko abin da nake gaya wa Uan ke nan!"